Yadda Ake Duba Daidaiton Ƙaramin Injin Sassaƙar Ƙarfe na Kan Benci, da Yadda Ake Gyara Shi

Ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe na kan benci, wato firezez ɗin da ake samu a ƙananan atalye na Yamai, ba ya isowa da cikakken daidaito ko da sabo ne fil a cikin akwati. Yawancinsu ƙirar Sin ne, kuma kafin su iso nan sun sha jirgin ruwa, sun sha girgizar tirela daga tashar Lome ko ta Kwatano. Na hannu kuwa, babu wanda ya san sau nawa aka kwance su aka sake ɗaurewa. Alamomin karkata sanannu ne: ka share fuskar ƙarfe sai ta fito da matakala tsakanin yanka da yanka, ka huda rami mai zurfi sai ya sauka a gicciye, ko kuma ka sassaƙa gefe huɗu su ƙi haɗuwa a kusurwa. Aikin gyaran ba mai wuya ba ne, amma yana da jeri, kuma wanda ya tsallake jerin zai gyara wani wuri ya ɓata wani.

Kayan aiki

Babban abin da ake buƙata shi ne agogon awo mai allura, wanda kowane layi a fuskarsa yake daidai da milimita 0,01. Iri biyu ne: mai sanda da ke shiga tana fita, da mai ɗan harshe da ke lanƙwasawa. Mai harshen ya fi daɗin aiki a ƙaramin inji saboda wurin a matse yake, amma kowanne zai yi. Sai gindin maganaɗisu na riƙe agogon, da sandar ƙarfe mai kaurin milimita 8 ko 10 da aka lanƙwasa kamar gwiwar hannu, wadda za a ɗaura a sandar juyi, wato sandar da ke cikin kan injin mai juya bakin yanka, ta riƙa zagayawa da agogon.

Ana kuma buƙatar abin da ke tsaye cak a kan tebur. Mai kuɗi yana sayen ƙarfen awon kusurwa na masu injuna. Wanda bai samu ba ya nemi aks ɗin piston na babbar motar dizal wurin masu kayan gyara ko a kasuwar Katako, domin an goge jikinsa da inji kuma kaurinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa. A zaɓi wanda bai ci ba, mai tsawon da ya kai milimita 100 ko fiye. Ekeren kafinta ba ya wannan aiki.

Sauran kayan su ne zoben waje na babban rulma, ko sabon faifan birki, ko gilashi mai kauri, kal, wato siraran fallayen ƙarfe masu sanannen kauri (jerin kal na awon bawul da makanikai ke riƙewa ya wadatar, a yanka shi da almakashi), kile-kilen injin, gudumar roba, dutsen washi mai laushi, kananzir da tsumma mai tsabta, man inji, da takarda da biro. Idan kal ya yi wuya, jikin gwangwanin lemo yana kusa da milimita 0,10, takardar alminiyom ta girki kuma tana tsakanin 0,01 da 0,02, sai dai a auna su da mikiromita kafin a yi amfani da su.

1. Cire filogi, ka zaɓi lokaci

Kada ka dogara da cewa an ɗauke kuran. Wutar NIGELEC tana iya dawowa a daidai lokacin da hannunka ke zagayawa da agogo a ƙarƙashin kan injin, saboda haka a cire filogi daga bango gaba ɗaya. Duk juyin da za a yi a wannan aiki da hannu ake yinsa, kuma idan injin yana da giya a sa shi tsakani domin sandar juyi ta saki.

A yi awon da safe, a kuma kauce wa hasken rana kai tsaye. Ƙarfen zubi yana ƙaruwa da kimanin milimita 0,01 a kowace mita idan zafi ya hau da digiri ɗaya, wato ginshiƙi mai tsawon milimita 300 da rana ta gasa masa gefe guda da digiri 10 zai bambanta da kusan 0,03 tsakanin gefensa biyu. A watan Afrilu da Mayu, a ƙarƙashin rufin kwano, wannan ba abin mamaki ba ne, kuma ya kai girman kuskuren da ake neman cirewa.

2. Tsabtace injin da zaunar da shi

Wanke tebur da hanyoyin zamiya da kananzir, ka goge, sannan ka bi fuskar tebur da dutsen washi a hankali, ba don rage ƙarfe ba sai don kwantar da ƴan tuddan da faɗuwar kile ko guduma ta tayar a gefen tsagi. Inda dutsen ya kama, za ka ga wuri ya yi ƙyalli. Lokacin hunturu a sake shafa tebur da tafin hannu dab da kowane awo, domin hannu yana jin ƙwayar yashin da tsumma ya bari. Ka tabbata benci ba ya rawa, kuma bulon huɗu na gindin injin ba su murɗe shi ba: idan kusurwa ɗaya tana rataye, a cike ƙarƙashinta da kal kafin a ɗaure, kada a ja ta ƙasa da ƙarfin bulon.

3. Daidaita sillen matsi

A kowace hanyar zamiya, ta hagu da dama, ta gaba da baya, da ta sama da ƙasa, akwai sillen ƙarfe da bis ke matsawa domin cire wasa. Idan wannan sille a sake yake, duk awon da zai biyo baya ƙarya ne. Ɗora gindin maganaɗisu a gindin injin, ka sa bakin agogo a gefen tebur kusa da ƙarshensa, ka kama ƙarshen teburin ka tura ka jawo. Allura za ta motsa kaɗan saboda ƙarfe yana da ɗan lanƙwasa, amma ya kamata ta koma inda take idan ka saki. Idan ta tsaya a wani sabon wuri, akwai wasa.

A sa mai tukuna, sannan a matsa bis ɗin kaɗan-kaɗan, a fara da na tsakiya, ana juya hannun tebur daga ƙarshe zuwa ƙarshe bayan kowane matsi. Inda ake so a tsaya shi ne inda wasan ya sauka zuwa layi ɗaya ko biyu kuma hannun bai yi nauyi ba. A tsohon inji tsakiyar hanya ta fi cinyewa, don haka idan ka matse tsakiya sosai ƙarshen zai cije; a nan sai a yi sulhu, a fifita yankin da aka fi aiki a kai. Lokacin ɗaure notin da ke kulle bis, riƙe bis ɗin da kile, in ba haka ba zai bi notin ya ƙara matsewa.

4. Duba sandar juyi

Goge ramin sandar juyi sosai, ko na Morse 2 ne, ko Morse 3, ko R8 (sunayen nau'o'in ramin ke nan). Sa harshen agogo a cikin ramin, ka juya da hannu a hankali. Layi ɗaya abu ne mai kyau, biyu ana iya zama da shi. Daga nan ka kama bakin sandar ka tura gefe: idan allura ta yi tsalle ta ƙi komawa, rulman sandar suna son a matse su ko a canza su, kuma babu amfanin ci gaba kafin a yi hakan. Idan ramin yana da kyau amma bakin yanka yana rawa, laifin mariƙinsa ne ko ɓarɓashin ƙarfe da ya maƙale a ciki.

5. Miƙe ginshiƙi

A nan ne yawancin masu koyo ke ɓata aikin, saboda abubuwa biyu ne daban amma ana ɗaukarsu ɗaya. Na farko shi ne hanyar da kan injin ke bi idan yana hawa da sauka, wato ginshiƙi, ko a tsaye take cak a kan tebur. Na biyu shi ne sandar juyi ita kanta, ko tana kallon tebur kai tsaye. Mutum yana iya cusa kal a ƙarƙashin ginshiƙi har sandar juyi ta daidaita da tebur, alhali ya ƙara karkatar da ginshiƙin. Sakamakon shi ne fuska tana fita sumul, amma duk lokacin da ya ɗaga kai don canza gajeren baki da dogo, tsakiyar rami sai ta gusa. Kamar mai gyara rufi ne a kan katangar da ta karkace. Ginshiƙi ake fara miƙewa, kai ya biyo baya.

Kawo tebur tsakiya ka kulle shi ta ɓangarorin biyu. Tsayar da aks ɗin piston a kan tebur, ka danne shi da ɗan matsi marar ƙarfi. Maƙala agogo a jikin kan injin, bakinsa yana taɓa aks ɗin ta gaba, wato ta wajen da kake tsaye, kusa da ƙasa. Saki makullin hagu da dama, ka matsa tebur kaɗan har ka sami inda allura ta fi hawa, wanda shi ne ƙoƙuwar da'irar, ka kulle, ka mai da allura sifili. Yanzu ɗaga kan injin milimita 100 ka karanta. A riƙa karantawa ana kan hawa kullum, domin kai yana ɗan sauya zama tsakanin hawa da sauka.

Aks ɗin ma yana iya samun tasa karkatar, kuma ga yadda ake raba ta da ta ginshiƙi. Yi masa alama da biro, ka juya shi rabin zagaye a inda yake, ka sake awon daga farko. A ce awon farko allura ta ragu da 0,07, na biyu ta ragu da 0,03. Haɗa su ka raba biyu, ka sami 0,05: wannan ita ce karkatar ginshiƙi a tsawon milimita 100. Ragowar 0,02 ta aks ce, ba ruwanka da ita. Idan awo ɗaya ya ragu ɗayan ya ƙaru, sai a cire ƙarami daga babba kafin a raba biyu.

Ƙa'idar gano ɓangare mai sauƙi ce: idan allura tana raguwa yayin da kai ke hawa, ginshiƙi ya karkato zuwa wajen da agogon yake, kuma a ƙarƙashin wannan wajen za a sa kal. Kaurin kal kuwa lissafi ne, ba ƙiyasi ba. Ninka karkatar da tazarar da ke tsakanin bulon na gaba da na baya a gindin ginshiƙi, ka raba da tsawon da ka auna. Idan tazarar milimita 80 ce, 0,05 sau 80 a raba da 100 ya ba da 0,04.

Kafin ka sassauta bulon, sauke kan injin ya zauna a kan guntun katako bisa tebur, domin ginshiƙi da kai suna da nauyin da zai iya kifowa. Sassauta duka huɗun, ka ɗaga gefen kaɗan, ka duba ƙarƙashi. Sau da yawa a sababbin injuna abin da ke wurin fenti ne ko busasshen maiko ko ɓarɓashin ƙarfe tun daga masana'anta, kuma share shi kaɗai yana iya cire rabin kuskuren. Saboda haka a share, a ɗaure, a sake awo kafin a yanka kal. Idan har yanzu ana buƙatarsa, a yanka shi da baki kamar kofaton doki ya rungumi bulon, a sa kauri ɗaya a bulon biyu na gefen. Kal guda mai kauri ya fi tarin sirara, musamman na alminiyom, wanda ke ci gaba da kwanciya bayan an ɗaure. A ɗaure a gicciye, kaɗan-kaɗan, da ƙarfi iri ɗaya kowane karo.

Maimaita duk wannan ta gefen dama. Gyaran gefe ɗaya yakan taɓa ɗayan, don haka a koma a duba gaban bayan an gama. A ƴan ƙananan injunan da ginshiƙinsu ke kwantawa hagu da dama a kan babban noti guda a baya, gefen ba ya son kal: a sassauta notin kaɗan, a bubbuga da gudumar roba. A masu ginshiƙi zagayayye, irin RF-30, kai yana juyawa da zarar an sake shi, don haka da kuben sandar juyi, wato bututun da sandar ke juyawa a ciki, ake sauka, kuma shi za a auna a madadin hawan kai.

6. Daidaita kan injin da tebur

Ɗaura lanƙwasasshiyar sandar a mariƙi, da agogo a ƙarshenta yana kallon ƙasa, yadda zai zagaya da'ira mai faɗin milimita 150 ko iyakar abin da faɗin tebur ya bari. Ba kome idan sandar ba ta miƙe ba ko mariƙin yana ɗan rawa, tunda agogon yana zagaya tsakiyar sandar juyi ne ko ta yaya aka ɗaura shi. Abin da ake so kawai kada wani abu ya motsa a tsakiyar awo. Idan agogon mai harshe ne, harshen ya kwanta kusa da shimfiɗar tebur, domin idan ya tashi da digiri 30 karatun yana ƙaruwa da kusan kashi 15 cikin ɗari.

Tsagin tebur yana fizgar bakin agogo, shi ya sa ake shimfiɗa zoben rulma ko gilashi a bi ta kansa. Kafin ka yarda da zoben, tsayar da agogo wuri ɗaya ka juya zoben a ƙarƙashinsa. Idan allura ta motsa fiye da layi ɗaya, nemi wani. Idan babu ko ɗaya, yi amfani da guntun ƙarfe guda mai gogaggiyar fuska, kana matsar da shi zuwa kowane wurin awo. Guntu ɗaya, ba biyu masu kama da juna ba.

Sauko da kai zuwa tsayin da ka saba aiki, ka kulle kai, ka kulle kube, ka kulle tebur. Kulle kai kaɗai yana iya motsa allura layi uku ko fiye, kuma tunda a kulle ake yanka, a kulle ake awo. Sa sifili a hagu, ka juya zuwa baya, dama, gaba, kana rubutawa, sannan ka dawo hagu. Idan bai dawo sifili ba, wani abu ya motsa, awon ya lalace. Kada ka taɓa kile sai zagaye uku sun ba da lamba ɗaya.

Fara da hagu da dama. A injuna irin BF20 kai yana juyawa a kan fayafayi, da bulon na tsakiya da na kullewa. Sassauta su kaɗan kawai, yadda kai ba zai motsa ba sai an buge shi, domin idan ka sake su da yawa kai zai rusuno gaba, awon gaba da baya ya rikice, ko ma ya juye gaba ɗaya. Idan dama ta nuna ƙarin 0,12, bar agogon a dama ka bubbuga har allura ta sauka zuwa 0,06, wato rabin bambancin, saboda abin da dama ta rage shi hagu ke ƙarawa. Sake sifili a hagu, ka sake zagayawa. Ɗaure bulon ɗin bi da bi idonka na kan allura, domin ɗaurin ƙarshe yakan ja kai layi ɗaya ko biyu. Idan ka lura da wajen da yake ja, sai ka bar masa wannan tazarar tun kafin ka ɗaure. Ma'aunin digiri da ke manne a jikin kai ba abin dogaro ba ne a nan: digiri ɗaya a faɗin milimita 150 ya haura milimita 2,6.

Gaba da baya ya fi wuya, domin waɗannan injuna ba su da gaɓar gyara shi. Yawanci gaba ce ke nuna ƙari, alamar kai ya rusuna saboda nauyin motar lantarkin da ke jikinsa. Koma ka duba sillen matsi na ginshiƙi tukuna, shi ne mai laifi a mafi yawan lokuta. Idan yana daidai, sai a sa kal tsakanin kai da sirdin da yake ɗaure a kai, ta ƙasa idan gaba ce mai ƙari, ta sama idan baya ce, da lissafi irin na mataki na 5. Kada a koma ƙarƙashin ginshiƙi don wannan.

Ina ya kamata a tsaya? Ƙa'idojin gwajin injuna, waɗanda suka samo asali daga aikin Georg Schlesinger a Jamus a shekarun 1920, suna neman kimanin 0,02 zuwa 0,03 a tsawon milimita 300 ga manyan injunan masana'anta. A ganina, ƙaramin injin benci da ya kai 0,02 a faɗin milimita 150 ya yi abin da ake nema gare shi. Da wannan karkatar, bakin yanka mai faɗin milimita 50 zai bar matakalar da ba ta kai 0,01 ba, kuma injin da kansa yana lanƙwasawa fiye da haka idan yanka ya yi nauyi. Neman sifili cak ɓata yini ne.

7. Tebur da eto

Tsayar da agogo wuri ɗaya a kan fuskar tebur, ka tuƙa tebur daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Idan allura ta sauya a ƙarshen tafiya kawai, nauyin teburin da ya rataya ne ke ɗaga ɗaya gefen, kuma maganinsa a riƙa ɗaura aiki a tsakiya.

Goge ƙarƙashin eto, wato mamatsin da ke riƙe aiki a kan tebur, ka ɗora shi, ka ɗaure bulon ɗaya da ɗan ƙarfi ya zama madogara, ɗayan kuma sako-sako. Sa harshen agogo a muƙamuƙin da ba ya motsi, ba mai motsin ba, ka tuƙa tebur hagu da dama kana bubbuga wutsiyar eto. A buga ta yadda muƙamuƙin zai nisanci agogo, kada ya daki harshensa. Layi ɗaya ko biyu a faɗin milimita 100 ya isa. Bayan an ɗaure a sake bi sau ɗaya, a kuma duba shimfiɗar cikin eto inda aiki ke zama, domin eto mai arha yana iya mayar da karkatar da aka cire daga injin.

8. Wasan hannun tebur

Sa agogo a ƙarshen tebur, ka juya hannu gaba har allura ta motsa, ka lura da lambar da ke kan zoben hannu, sannan ka juya baya a hankali har ta sake motsawa. Bambancin shi ne wasan. Daga 0,05 zuwa 0,15 abu ne da aka saba gani. Idan notin dogon bis ɗin mai tsagi ne ana iya matse shi kaɗan, amma ba a cire wasan duka, sai dai a saba da isowa kowane awo ta waje ɗaya, idan an zarce a koma baya sosai a sake tahowa. A duba kuma ko zoben yana faɗin gaskiya: tuƙa milimita 10 bisa zobe ka ga abin da agogo mai sanda ya ce, domin akwai injunan da bis ɗinsu na inci ne, inda zagaye ɗaya ke ba da 1,5875 maimakon lamba cikakkiya.

9. Yankan gwaji

Cire agogo da sandarsa, ka mai da filogi, ka sa tabarau. Ɗaura guntun alminiyom na sanda. Na zubi irin na masu tukwane yana da ƙofofin iska da ke ɓoye zanen yanka. Da baki mai haƙori ɗaya, share fuskar da zurfin 0,1, ka bar bakin ya fice gaba ɗaya ta ɗaya gefen. Idan kai ya daidaita, za ka ga zane biyu sun gitta juna kamar raga, domin gaban bakin da bayansa duk sun taɓa. Idan zanen ya tafi waje ɗaya, juya tafiyar ka sake gwadawa: raga a tafiya ɗaya kawai tana nuna ragowar karkata ta hagu da dama. Sannan ka matsa tebur gaba ka yi yanka na biyu da ya ɗan hau kan na farko, ka ja farce a kan mahaɗarsu. Idan farce ya tsaya, awon gaba da baya ne ke son a koma masa.

Rubuta lambobin ƙarshe da kaurin kowane kal da wurin da aka sa shi, ka manna takardar a cikin murfin akwatin kayan injin. A sake duba mataki na 6 bayan mako guda na aiki, tunda sabon kal yana ɗan kwanciya, haka kuma duk lokacin da aka karkatar da kai don yankan kusurwa, ko bakin yanka ya cije ya tsayar da inji. Mataki na 5 ba ya bukatar maimaici sai an ɗauke injin daga bencinsa ko an kwance ginshiƙi.